Kwamfutar da Na Tara a Kaka Uku

Unguwar Hajji,
Karaye.

Zuwa ga ɗana Nazifi,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ka gaisuwar uba ga ɗansa, ina roƙon Allah Ya kai ka Kano lafiya, Ya tsare ka a hanya da masauki, Ya haɗa ka da abokan zama na kirki, Ya buɗa maka ƙirji ga karatun da za ka fara. Na ba mahaifiyarka wannan takarda ta sa maka cikin jaka, domin na san halina. In na zaunar da kai a gabana, faɗa zan yi maimakon magana, kai kuma ka sunkuyar da kai ka yi ta cewa “to, Baba” har in gama, mu tashi babu wanda ya ji ɗan'uwansa.

Ba labarin gida zan ba ka ba, tunda daga cikinsa za ka fita. Magana ɗaya ce ta sa na ɗauki alƙalami. Mahaifiyarka ta gaya mini cewa abin da ka samu a gefen gonar Kurugu da na bar maka, ba ka taɓa shi ba, kana ajiyewa ne don ka haɗa kwamfutar wasa da hannunka idan ka isa birni. Ta kuma gaya mini ka roƙe ta kada in ji. Ban ga laifinta ba da ta faɗa, ban kuma ga naka ba da ka ɓoye. Amma na jima zaune a zaure ina juya abin a raina: ɗan da na haifa ya yi noman damina biyu a kan wani buri, kuma mutumin da ya fi gudun ya sani shi ne ni. Na riga na yi asarar ɗa ɗaya a kan wannan na'ura. Yana raye, yana lafiya, amma na yi asararsa. Ba na so in ƙara da kai.

Kana aji uku na firamare lokacin da abin ya faru, don haka abin da ka sani bai wuce cewa yayanka ya tafi Kano bai ƙara zaman gida ba. Ba na kiran sunansa, kamar yadda muka gada game da ɗan fari, amma ka sani a 'yan shekarun nan ba alkunya kaɗai ke riƙe mini harshe ba.

Yana shekararsa ta farko a babbar sakandare, ta kwana, sai ya dawo hutu da wata takarda. Ya rubuta abubuwa bakwai a jere, kowanne da lambobi da haruffa a gabansa, da rubutu mai tsabta irin wanda ni na koya masa. Ya durƙusa ya miƙo mini, ya ce, “Baba, in aka haɗa waɗannan kwamfuta za su zama. Ta fi ta kanti sauƙi, kuma ta fi ta ƙarfi.” Na ce ta mene ce? Bai yi mini ƙarya ba. Ya ce, “Ta wasa ce, Baba. Amma wadda ta ɗauki wasa za ta ɗauki zane da haɗa hoton bidiyo.” Ban ji rabin maganar na biyu ba, kalmar wasa ta riga ta toshe mini kunne. Duk da haka na yi masa alkawari: in ya gama jarrabawar fita da sakamako mai kyau, zai tarar da kayansa. Na naɗe takardar na sa a aljihu, kuma daga ranar ban ƙara neman bakinsa a kanta ba. Shekara talatin ina magatakarda a ofishin hakimi, takardun gona da na gado suna bi ta hannuna. Ban ga yadda takardar yaro za ta gagare ni ba.

Kuskurena na farko shi ne na ɗauki kwamfuta kamar gini. Ka san yadda muke gini a ƙasar nan: kakar bana a buga bulo, ta baɗi a sayi kwano, ta gaba a yi ƙofa da taga. Haka mahaifina ya yi, haka na gina gidan da aka haife ka. Bulo yana jira, kwano yana jira. Da aka sayar da gyaɗar shekarar sai na shiga Kano, na nuna wa wani mai shago layin farko, ya ba ni furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar, 'yar ƙarama da ba ta cika tafin hannu ba. Ita kaɗai ce na saya daidai da abin da aka rubuta. Mai shagon ya ce, “Alhaji, sauran fa?” Na ce sai baɗi in Allah Ya kai mu. Ya ce, “Baɗi kuma? Alhaji, ai kafin baɗi an sake zane.” Na ɗauka bakin ciniki ne, na yi masa murmushi na fita. Na zo na kulle ta a adaka tare da takardun gona.

Nazifi, ka tara kuɗin saye, kada ka tara kaya. Idan abin hannunka ya cika, ka sayi komai a mako guda. Masu ƙera kayan nan ba sa jiran kakarmu, kowace shekara suna sauya fasali. Kuma babu wani ɓangare da za ka iya gwadawa shi kaɗai, sai 'yan'uwansa sun hallara. In yana da aibi, a cikin adaka wa'adin mayar da shi zai ƙare kai ba ka sani ba.

Kuskure na biyu ya zo ta hannun kawunka Ɗanlami na Ruwan Bago, ƙanen mahaifiyarku, wanda a lokacin yake sarin kayan lantarki na hannu. Ya zo gaisuwa bayan kaka ta biyu, na nuna masa layi na biyu, madabod, wato babban allon da duk sauran kayan ke zama a kansa. Ko karantawa bai yi ba, ya yi dariya ya ce, “Magatakarda, kai da ka ƙare a kan tafireta, yau kai ne da kwamfuta? Bar takardar nan. Akwai wani allo a wurina, Bature ma sau biyu ya kunna shi ya gaji.” Na ce lambar da ke jiki fa? Ya ce, “Lamba? Nawa ya fi na takardar yawan lamba. Kwamfuta ai duk kwamfuta ce, kamar buhun gero, na Rogo da na Karaye duk tuwo ne.” Bayan mako ya aiko da shi naɗe cikin jarida. Ya fi na takardar girma, ya fi shi araha, sai na ji daɗi har na ce wa mahaifiyarku na fi yaron iya saye. Ta ce, “Malam, yaron nan fa ya rubuta maka a takarda.” Na ce mata ta kula da tukunyarta.

Ga abin da ban sani ba a ranar. Manyan kamfanoni biyu ne ke yin furosesa, kuma ta wannan ba ta zama a allon da aka yi domin ta wancan, ko da kuwa za ka kwana kana lallashi. Ko a kamfani ɗaya, mazaunin da take zama, wanda suke kira soket, yana sauyawa daga zuriya zuwa zuriya. Saboda haka ka fara zaɓen furosesa, ka rubuta sunan soket ɗinta, sannan ka nemi allon da ke ɗauke da wannan sunan harafi da harafi. Ko sunan ya dace, ka tambayi mai shago ko allon ya san wannan furosesar, domin wani tsohon allo sai an sabunta masa karatun da ke cikinsa kafin ya karɓi sabuwa. Girman allo ba daraja ba ne, yawan lamba kuma ba hujja ba ce.

Akwai kuma abin da ya fi soket muhimmanci: kada ka sayi kayan nan a hannun wanda ba za ka iya mayar masa ba. Ko da a ce na gane a makon cewa allon bai yi ba, da wane ido zan ɗauke shi in kai Ruwan Bago in ce wa ƙanen matata ya karɓi kayansa? Da maganar ta zagaye dangi kafin in dawo gida. Ka yi zumunci da kawunka, ka kai masa tsaraba, ka ci abincin gidansa. Amma madabod ka saya wurin baƙon da za ka iya tsayawa a gabansa ka ce bai yi ba, a canja.

A kaka ta uku na ji ana gwanjon tsofaffin kayan wani ofis. Na je na kwaso ram guda biyu da allon kallo, na ƙara da wani gidan kwamfuta mai arha da ya zo da fawa a cikinsa, wato ɗan akwatin da ke raba wa sauran kayan wuta. Ram ita ce 'yar doguwar sanda da na'ura ke riƙe aikin da take kai a cikinta. Na dube su, na ga koraye ne dogaye kamar yadda aka kwatanta mini, na ce shi ke nan. Ashe ita ma zuriya-zuriya ce. Akwai wata 'yar tsaga a gindin kowace, kuma ba a wuri ɗaya take ba a ta da da ta yanzu, an yi haka da gangan don kada ta shiga inda ba nata ba. Allonka shi zai gaya maka wadda yake ci, in DDR4 ce to ita, in DDR5 ce to ita. Ka sayi biyu iri ɗaya a kwali ɗaya, sun fi guda ɗaya babba amfani. Kada kuma a ba ka gajera ta kwamfutar cinya.

Layi ɗaya na tsallake gaba ɗaya, katin hoto, don shi ya fi kowanne tsada. Na ce ai allon kallo shi ke nuna hoto, wannan ƙarin na yarinta ne.

Duk tsawon shekarun nan uku, kowane hutu sai yayanka ya ce, “Baba, ko zan ga kayan?” Ni kuma in ce sai ka gama jarrabawa. Ina tsoron ya taɓa ya lalata. Da na buɗe masa adakar nan sau ɗaya, minti biyu sun ishe shi ya ga abin da na yi, tun ana iya gyarawa. Wannan ne kuskuren da ya haifi sauran, kuma ba na jahilci ba ne, na girman kai ne.

Sakamako ya fito, ya ci da kyau. Ranar wata Asabar bayan la'asar na sa aka share zaure, aka shimfiɗa tabarma, aka jawo waya daga janareto. Na gayyaci mutum huɗu na majalisarmu, cikinsu har da Malam Isiyaku da Alhaji Bawa, don su ga abin da na yi wa ɗana. Na buɗe adaka na jera kayan. Ya durƙusa, fuskarsa cike da murna, ya ɗauki allon ya juya shi. Na ga murnar ta tafi. Ya dubi furosesar, ya sake duban allon, sannan ya matso kusa da ni ya yi ƙasa da murya don kada baƙi su ji, ya ce, “Baba, ba za ta shiga ba. Ba nata ba ne.”

Alhaji Bawa yana da kunne. Ya ce, “A'a, Magatakarda, ko dai an sayar maka da gyaɗa marar ƙwaya ne?” Aka yi dariya. Dariyar majalisa ce, irin wadda muke yi wa juna kullum, amma ranar ta shige ni. Na ce wa yayanka ya ba ni nan. Ya ce, “Baba, don Allah a bari, alluranta sirara ne.” Na ce ni da na haife ka za ka koya wa saka abu a rami? Na ɗora ta a kan soket ɗin, na danna da babban yatsa kamar yadda na saba danna hatimi a kan takarda. Na ji wani ɗan ƙara a ƙarƙashin yatsana. Da na ɗaga, alluran da ke ƙasanta sun kwanta kamar dawar da iska ta bi ta kai. Abu ɗaya tak da na saya daidai, shi na kashe da hannuna.

A nan ne ya kamata in ce na yi kuskure. Abin da na ce shi ne, “Kun gani ko? Shekara uku ina wahala a kan yaron da bai iya komai ba sai wasa. Ko takardar kirki bai iya rubutawa ba.” Takardar tana aljihuna a lokacin, kuma na san babu kuskure ko ɗaya a cikinta. Bai musa mini ba. Ya ce, “Allah Ya huci zuciyarka, Baba.” Ya tattara kayan ɗaya bayan ɗaya ya mayar cikin adaka, ya gaishe da baƙi, ya fita. Bayan Babbar Salla ya nemi izinin tafiya Kano koyon sana'a, na ce ya je, ban ko ɗaga kai ba.

Idan wani abu ya ƙi shiga, Nazifi, ka tsaya. A duk cikin kwamfuta babu inda ake sa ƙarfi. Furosesa da nauyinta take zama, akwai 'yar alama a kusurwarta da za ka daidaita da ta soket. Abin da ya nemi ka danne shi yana gaya maka ne ba wurinsa ba ne.

Bayan tafiyarsa da shekara na ɗauki takardar da kayan na kai wa Malam Sabo, mai koyar da kwamfuta da ke bayan masallacinmu, na ce ya karantar da ni. Dattijo da furfura, na zauna gaban sa'an ƙanena ina tambaya, abin da na kasa yi wa ɗan cikina. Duk abin da na rubuta maka a nan daga bakinsa na koya, bayan ya daina yi mini amfani. Shi ya gaya mini cewa ko da komai ya dace, na'urar ba za ta nuna ko da ɗigo ba, domin irin furosesar da ke takardar ba ta fitar da hoto da kanta, sai da katin da na tsallake. A kwamfutar wasa, katin hoto shi ne gaba. Kaso mafi girma na abin hannunka can zai tafi, ka haƙura da matsakaiciyar furosesa, ka haƙura da fitilu masu launi da gilashin ado. Ka auna tsawon katin da cikin gidan kafin ka biya, don wani ya fi gidan tsawo. In na hannu za ka saya, kada ka yarda da “yana yi”. A kunna shi a gabanka, a sa masa wasa mai nauyi, ka zauna ka ga ko zai yi zafi ya ɗauke.

Da ya zo kan fawar nan sai ya ɗaga ta da yatsu biyu, ya ce, “Malam, wannan ai gwangwanin madara ne aka yi wa fenti. Allah Ya rufa asiri da ba a kunna ba, da ta tafi da sauran.” Kada ka yi tsimi a nan. Lambar ƙarfin da ake rubutawa a jikin masu arha ba abin dogaro ba ce. Ka nemi mai suna, mai nauyi a hannu, wadda ƙarfinta ya ɗara abin da kayanka ke buƙata, kuma ka tabbata tana da irin bakin wayar da katinka ke nema. Ka san wutarmu, ka san halin janareto, don haka ka sa abin daidaita wuta tsakaninta da bango. Ka zaɓi gida mai shan iska da fanka gaba da baya, domin zafin bazara a ɗakin ɗalibai ba zai tausaya mata ba. Wurin ajiya kuma ka sayi SSD ko ƙarama ce, daga baya ka ƙara.

Iyakar sanina ke nan, kuma sanin aro ne. Wanda ya san abin da gaske yana Kano. Ina ji a bakin mutane cewa yayanka yanzu shi ke haɗa wa mutane kwamfuta, har daga wasu garuruwa ake kawo masa aiki. A bakin mutane nake ji. Yana aiko da kayan Salla, ba ya fashi. Yana kiran mahaifiyarku su yi rabin sa'a suna hira, sannan ta miƙo mini wayar, ya ce, “Baba, ina wuni, ya jiki, Allah Ya ƙara lafiya,” in ce amin, shi ke nan. Shekara tara bai taɓa yi mini rashin ladabi ba, bai kuma ƙara kawo mini wata shawara tasa ba. Da ya yi mini tsawa ranar nan, ina jin da tuni mun shirya.

Saboda haka kafin ka sayi ko da dunƙulen waya, ka rubuta jerinka ka kai masa ya duba. Abin da ya ce ka canja, ka canja. Ban hana ka wasanka ba. Ka tsare sallarka a kan lokaci, ka tsare karatun da ya kai ka, abin da ya rage na lokacinka naka ne. In ta tashi, ka kira ni ka gaya mini, ko ba zan fahimci rabin bayanin ba. Ina so in ji daga bakinka, ba daga bakin mahaifiyarka ba.

Akwai saƙo kuma da za ka kai masa, tunda na gwada a waya sau da yawa harshena yana ƙi. Cikin mutum huɗun da suka zauna a zauren nan, biyu sun riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu. Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko, na tsayar da Malam Isiyaku da Alhaji Bawa, na ce musu maganar da na faɗa a kan ɗana ranar kwamfuta ƙarya ce, takardarsa daidai take, ni na sayi abin da bai dace ba, ni na lanƙwasa alluran. Alhaji Bawa ya dubi Malam Isiyaku, ya dube ni, ya ce, “Wace kwamfuta kuma, Magatakarda?” Babu wanda ya tuna a cikinsu. Don kada mutanen nan su yi mini dariya na ba da ɗana, su kuwa ko a ransu.

Ka gaya masa haka yadda na rubuta, kada ka gyara don ka rufa mini asiri. Ka ce masa ban aiko ka neman ya dawo ba, ban kuma ce dole ya ba ni amsa ba. In ya yi shiru, kada ka matsa masa, yana da gaskiyarsa.

Allah Ya tsare ka daga sharrin hanya da na mutane, Ya kiyaye lafiyarka da imaninka, Ya sa albarka a karatunka da abin da hannunka zai haɗa. Allah Ya yi muku albarka kai da yayanka, Ya haɗa kanku ko bayan raina, Ya dawo mana da kai lafiya. Mahaifiyarka tana sa maka albarka.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka.